Shagon buga riguna a Tawa da masu sauya sheƙa

Kusa da babbar kasuwar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, akwai wani shagon buga riguna da huluna da tutoci wanda na daɗe ina kai wa aiki, kuma ta fuskar inganci ban ga kamarsa a garin ba. Fentinsa yana kama yadi sosai, har ma rigunan ruwan hoda na jam'iyyar PNDS-Tarayya da ya buga lokacin zaɓen Disamba 2020 suna nan a jikin mutane, rubutunsu bai ɓare ba duk da yawan wanki da zafin ranar Adar.

Abin da ya fi ɗaga darajar mai shagon a idona shi ne riƙon amana, domin a lokacin da jam'iyyu ke aiki teburinsa na daga cikin wuraren da ake fara ganin alamar wanda ke shirin sauya sheƙa. Mafi yawan waɗanda na riƙa tararwa suna neman launin sabuwar jam'iyya matasa ne na fada da 'yan kabu-kabu, waɗanda ke bin uban gidansu duk inda ya nufa, sai shugabannin ƙungiyoyin mata masu sayen zane da yawa a lokaci guda, sai kuma 'yan kasuwa masu neman kwangilar ma'aikatar magajin gari. Dattawan da suka riƙe koren jam'iyyar MNSD-Nassara tun zamanin shugaba Tandja Mamadou ba su cika canzawa ba. Tsarin mulkin 2010, lokacin da yake aiki, ya tanadi cewa ɗan majalisar dokokin da ya fice daga jam'iyyarsa zai rasa kujerarsa, amma babu abin da ya ɗaure ɗan siyasar unguwa, shi ya sa sauya sheƙar ta yawaita a matakin unguwa. Duk da haka ban taɓa jin mai shagon ya kai maganar wani gun wani ba. Yakan ninke kayan kowa a leda baƙa ya rubuta lamba kawai.

Aibinsa saɓa lokaci. Idan aiki ya yi yawa, mai babban oda yake fara sallama, ƙaramin mai saye kuwa sai ya yi ta zarya, kuma wannan bai dace ba.

Tun da aka rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025, ya koma buga ankon biki da rigunan 'yan ƙwallo da kayan makaranta, ingancin kuma bai ragu ba. Wanda zai kai masa aiki ya ba da rabin kuɗi kawai, ya kuma sa a rubuta ranar karɓa a kan rasit.