'Yan kwangilar da suka kwashe mana ƙasar sama: zan sake ɗaukarsu, amma da sharaɗi

Aikina duba ƙasa ne a wata mahaƙar kwal da ke yammacin jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Daminar da ta wuce aka ba wani ƙaramin kamfani kwangilar kwashe ƙasar sama, wato ƙasar noma da ke saman wurin, daga filin da za mu buɗe, ni aka ɗora in bi bayansu. Ga abin da na gani.

A nan ba a taɓa kwal sai an ɗauke ƙasar noma an adana ta. Dokar haƙar kwal ta tarayya, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1977, ta wajabta haka. Kafin a ba ka lasisi sai ka nuna yadda za ka mayar da filin, ka kuma ajiye kuɗin jingina. Idan ka cike ramin ka daidaita wurin, za a iya sako maka har kashi 60 cikin ɗari. Ragowar ƙarshe kuwa sai shuka ta kama ta zauna: shekara 5 a inda ruwan sama ya haura inci 26 a shekara, shekara 10 a busasshen wuri irin namu. Saboda haka ɗan kwangilar da ya ɓata maka ƙasa yau, ciwon da zai bar maka na shekaru ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne direbobinsu. Ƙasar samanmu baƙa ce, ta ƙarƙashinta kuma fara-fara mai farar ƙasa, wani wurin har da gishiri. Dole a raba su, kowace da tarinta. Mun kafa turaku mun rubuta zurfin da za a yanka a jikin kowane, amma ƙasa ba ta bin turke. A kwari baƙar ta yi kauri, a kan tudu ba ta kai tafin hannu ba. Akwai wani dattijo a cikinsu da ke tuƙa motar da ke kankare ƙasa. Da zarar launi ya fara sauyawa a bayan wuƙar motar sai ya ɗaga ta, tun kafin in ɗaga masa hannu. Na sha ganinsa ya sauko ya damƙi ƙasar ya murje ta a tsakanin yatsu, sannan ya koma. Wannan idon ba a sayensa da kuɗi. A kan tudun da ƙasar ba ta kai inci 6 ba, inda ƙa'ida ta yarda a haɗa ta da wadda ke ƙasanta, sai da suka tambaye ni kafin su haɗa.

Na biyu, ba sa aiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da aka yi ruwa da dare, shugabansu ya tsayar da motoci har rana ta yi, alhali da awo ake biyansu, asarar tasu ce. Wanda bai san aikin ba zai ce lalaci ne. Amma ƙasa mai danshi idan babbar mota ta bi ta kanta, daskarewa take yi kamar daɓen ɗaki, saiwa ba ta ratsawa, ruwa ya kwanta a sama. Sun kuma yarda, duk da nisan ya ƙaru, su kai wani kaso kai tsaye zuwa filin da aka gama cikewa maimakon jibge shi. Ƙasar da ba ta kwana a tari ba tana zuwa da ranta, da irin ciyawar wurin a cikinta.

Inda suka gaza shi ne kula da tarin. Ƙa'ida ta ce a sa masa alama, a kuma rufe shi da ciyawa mai saurin tsiro don kada iska da ruwa su cinye shi. Allunan sun kafa su a kan lokaci. Shukar ce suka yi ta jan ƙafa, wai injin shukarsu yana wani aikin. Iskar wannan yanki kuwa ba ta jiran kowa. Na tsaya ina kallon baƙar ƙura tana tashi daga kan tarin tana faɗawa hanyar tifofi, raina ya ɓaci ƙwarai, don abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya taru ne ke tafiya. Gefen tarin ma sun bar shi da tsayi sosai, ruwa ya fara tsaga shi, sai da katafila ta dawo ta kwantar da shi. Da na yi magana ba su yi gardama ba, sun gyara da kuɗinsu.

Farashinsu ya ɗan fi na sauran da suka nema, kuma takardunsu na awon lodi a tsare suke, wanda ya sauƙaƙa mana lokacin da jami'in hukumar jiha ya zo dubawa.

Idan aka nemi shawarata zan ce a sake ba su. Sai dai wannan karon a rubuta ranar shuka tarin a cikin kwangila, kuma kada a biya kason ƙarshe sai ciyawar ta fito.