Itacen kaɗa da muke hura wuta da shi, a Nagpur teburi ne

'Yan uwa na Tawa, ina gaida ku daga Nagpur ta ƙasar Indiya. Zafin garin nan ba baƙo ba ne ga ɗan Adar, a watan Mayu yakan kai digiri 45. Suna noman hatsi da dawa, amma galibi gurasa suke yi da su, babu mai dama fura. Abinci barkono, titi ham ɗin mota dare da rana, takarda ɗaya ta ofis sai ka yi ta zarya.

Teburi na ba wani kafinta ya yi mini. Da ya kawo sai na ga allo mai santsi, gefensa kuma ɓarɓashi ne a danne. Na ce wane icce ne wannan, baba? Ya ce itacen kaɗa ne, wanda ke saura a gona bayan an tsince auduga. Sai ya tambaye ni ko muna noman kaɗa. Na ce muna yi, wajen Ƙonni da Madawa da Gaya. Ya ce to me kuke yi da itacen? Na ce girki. Katako fa? Na ce daga ƙasashen kudu ake kawo mana. Dattijon bai yi mini dariya ba, amma wallahi kwana na yi da wannan tambaya a raina.

Na bi diddigi. Cibiyar binciken auduga ta CIRCOT da ke Mumbai, wadda aka kafa tun 1924, ita ta daɗe tana wannan aiki, kuma tana da reshe a nan Nagpur, tsakiyar yankin Vidarbha mai noman kaɗa. A tuge itacen, a datsa shi ƙanana da inji, a busar, a niƙa, a gauraya da gam, a shimfiɗa, sannan wani inji mai zafi ya danne shi har ya zama allo. Da shi ake yin ƙofa da kabad da silin da teburin lakwal. Manomi ya samu ɗan kuɗi, gona kuma ta huta, don tsutsar da ke cin ƙwallon kaɗa a cikin ragowar da aka bari take ɓuya har wata damina.

Allon yana da aibi. Ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, ƙusa ba ta kama shi kamar yadda take kama maɗaci, sabonsa kuma warin gam yake yi. Su kansu manoman nan da yawa ƙone itacen suke, saboda kaya ne mai cika mota babu nauyi, kuɗin jigila ya cinye riba. Shi ya sa ake datsa shi tun a bakin gona.

Amma mu fa? Ƙasar da kowane icce sai an yi wahala ya tsaya, kamar jerin dogon yaro da aka dasa a kwarin Majiya don tare iska. Ku je kasuwar Katako a Yamai ku ji kuɗin falanki, duk ya sha hanya da kwastan kafin ya iso. Yaranmu na zaune a ƙasa a aji. Masu kuɗinmu, har da 'yan cin raninmu da ke Abijan da Libiya, in Allah ya buɗa sai bene da mota da shagon kayan waje. Ka ce a haɗa kuɗi a sayi inji, a ce maka wa ya taɓa yi. Kuma ko an yi allon, na san halinmu, sai mun ji daga Dubai ya zo mu yarda da shi.

Na san matanmu na bukatar itacen don murhu, kaɗarmu kuma ba ta kai ta Benin ko Mali ba. Karan hatsi kar a taɓa, na dabbobi ne da darni. Duk da haka na roƙi ƙanena da ke noman rani a Ƙonni, in an gama tsinta bana ya tara itacen kadada ɗaya ya auna, ya kuma tambayi mai amalanke nawa zai kai shi bakin kwalta. Da waɗannan lambobi biyu zan je reshen nan na Nagpur a yi mini lissafi.