Katin kacici-kacici na Kasuwar Dole: tarihin ya yi, asalin kalmomi sai an bi da jan biro

Wasu masu teburin littattafai a Kasuwar Dole ta Zinder suna sayar da wani ƙunshin katin kacici-kacici na Hausa: kati 120 a cikin kwali, jaka biyu da rabi, wato sefa 2500, in ka iya ciniki a bar maka jaka biyu. Tambaya a gaba, amsa a baya. An raba shi gida uku da launi: kore na tarihi da labarin ƙasa kati 50, ja na asalin kalmomi 40, rawaya na kimiyya da wasanni 30. Malaman lakwal da ƴan fada ne suka fi sayensa.

Koren ba shi da matsala. Ya faɗi daidai cewa Zinder ce fadar mulkin Turawa a Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mai da ita Yamai. Ya kuma raba ranaku biyun da yara ke yawan cakuɗawa: 18 ga Disamba 1958 ranar kafa jamhuriya, 3 ga Agusta 1960 ranar samun ƴancin kai. Akwai kati a kan ganuwar Sarki Tanimun, da kashe Kazmaju, hafsan sojan Faransa, a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, da yaƙin Tirmini a 1899. Rawaya kuwa tambayoyin ƴan firamare ne, babba ba zai daɗe a kansu ba.

Jan katin shi ne ke jawo mai saye, shi ne kuma ke da gyara. Inda kalma ta fito kai tsaye daga Larabci, babu kuskure: littafi daga al-kitab, alƙalami daga al-ƙalam, ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in. Tambayar da ta fi daɗi a ƙunshin duka tana nan: a ranakun mako, waɗanne biyu ne ba daga ƙidayar Larabci suka samo suna ba? Lahadi zuwa Alhamis ɗaya ne zuwa biyar, saura Juma'a mai nufin taruwa, da Asabar daga sabt.

Amma mai katin ya ɗauka duk abin da ya shafi ilimi ko ciniki daga bakin Larabawa muka karɓe shi. A kan kasuwa ya rubuta "Larabci" ya yi shiru. Tushen suƙ ne, gaskiya, sai dai ta hannun Barebari ta iso mana, su suna cewa kasugu, kuma wannan ka- na farko nasu ne. Takarda ma ya ba Larabci, alhali daga Buzaye ta zo, su kuma asalinta can Latin ne, kamar yadda takobi da raƙumi suka biyo ayarin Arewa. Abin mamaki, babu kati ko ɗaya a kan Galadima, Ciroma ko Yarima, sarautun da aka aro daga Barno. A Damagaram, wadda a da ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, wannan giɓi ne babba.

Kuskuren da ya fi muni shi ne na boko. Katin ya ce daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito. Magana ce da ta yaɗu, amma masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin da ba na ainihi ba, irin ta amaryar boko, daga baya aka laƙaba wa karatun Nasara. A soke amsar nan kafin yaro ya hardace ta.

Da gani wasu tambayoyin daga Najeriya aka kwaso su ba a juya ba. An tambayi abin kunna wuta da sunansa ya fito daga Yarbanci, amsa ashana. Yaron Birni ko Zango alimeti ya sani, ita kuma daga Faransanci take. Wani katin ya ce jaka naira 200 ce, nan kuwa jaka sefa 1000 ce, wato dala 200. Kalmomin da muke faɗa kullum, lakwal, kaye, mushe mai nufin malamin lakwal, ko ɗaya bai shiga ba, ga su da sauƙin bayani ga ɗan aji shida.

Bugun ma da saura. Ba a sa ƙugiya a haruffa ba, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. A wasan da ake yi kan kalmomi, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Takardar ba ta da kauri, in aka ɗaga kati a rana ana hango amsa ta baya, don haka mai tambaya ya ɗora shi a kan bangon kaye. Ledar da aka lulluɓe shi da ita tana ɓarewa daga kusurwa in ya sha zafi, kada a bar kwalin a ƙarƙashin sirdin babur.

Wanda ya saya ya fara ware jan katin, ya gyara kasuwa, takarda, boko da jaka, ya yanka kwali ya ƙara kamar kati 15 na Faransanci da Barbarci da Buzanci. Wajen wasa, ƙungiya biyu ta mutum huɗu-huɗu ta isa, daƙiƙa 15 ga kowace tambaya. A jan kati a ba da maki ɗaya ga wanda ya faɗi harshen asali, biyu ga wanda ya faɗi ta hannun wa kalmar ta shigo Hausa. Malamin da zai yi wannan gyara bai yi asarar jaka biyunsa ba. Mai son ya miƙa wa yara su yi su kaɗai, ya cire jan ya ajiye tukuna.