Sharhi kan aikin wani kamfanin gina ɗakin sanyi a ƙarƙashin gida a Toronto

Yawancin gidajen Toronto, wani birni a ƙasar Kanada, suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma da dama daga cikin tsofaffin gidajen suna da wani ɗan lungu mai sanyi a ƙarƙashin barandar ƙofar shiga, wanda 'yan asalin Italiya suka saba ajiye giyar inabi da kwalaben tumatir da busasshen nama a ciki. Kamfanin da muka ɗauka aiki sana'arsa ita ce mayar da irin wannan wuri ma'ajiyar giyar inabi, amma mu da ba ma sha, buƙatarmu ita ce wurin ajiye dankalin Turawa da albasa da dabino da kayan miyar da ake kawo mana daga gida.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda suka fara da maganar ruwa kafin maganar kwalliya. Injiniyan da ya zo duba wurin ya bi bangon siminti da fitila yana neman tsaga, ya manna leda a daɓe ya ce a bar ta kwana biyu don a ga ko raɓa za ta taru a ƙarƙashinta, sannan ya gwada famfon da ke zuƙe ruwan da ke taruwa a gindin gini. Duk wanda ya ga yadda ruwan sama ya malale ɗakunan ƙasa a wannan birni a watan Yulin 2013 da kuma na 2024 ya san wannan bincike ba ɓata lokaci ba ne. Ya kuma ba mu shawarar auna iskar radon, wata iska mai cutar da huhu wadda ke tasowa daga ƙasa ba tare da wari ba, tun kafin a toshe kafofin ɗakin.

Bayan sun cike tsagar da suka samu, sai suka fesa wa bango da rufi kumfa mai taurarewa, wadda ke hana zafi shiga kuma take tare laima. Sun yi mana bayani cewa idan iska mai ɗumi ta haɗu da bango mai sanyi, bangon zai riƙa gumi kamar randa, kuma daga nan fumfuna ke kama katako. Ƙofar da suka sa mai kauri ce irin ta waje, da roba a gefunanta, ta yadda idan an rufe ta ba a jin sanyi yana fita ta ƙasa. A wannan ɓangare aikinsu ba shi da makusa.

Inda muka sha bamban shi ne wajen saita na'urar sanyaya ɗakin. Ma'aunin da suka saba da shi na giya ne, wato digiri 13 a ma'aunin Salshiyas da laima kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, domin kada toshiyar kwalba ta bushe iska ta shiga. Dabino da albasa sun zauna lafiya a haka, amma garin kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono suka fara dunƙulewa, don su bushewa suke so, dankalin kuma ya soma tsiro saboda ya fi son sanyin da ya wuce wannan. Da sun tambaye mu tun farko abin da za mu ajiye dalla-dalla, da sun raba wurin gida biyu. Kantocin da suka fara kawowa ma na jera kwalabe a kwance ne, buhu ba ya zama a kansu, sai da muka sa aka canza su da faffaɗan katako, abin da ya ƙara kuɗi ya kuma ja lokaci. Na'urar tana fitar da zafi da ɗan ƙugi zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka, saboda haka bai dace a yi wurin kwana a can ba.

Aikin yana da tsada, amma ina ganin kuɗin toshe ruwa da fesa kumfa ya cancanta. Wanda zai ɗauke su don ajiyar abinci ya rubuta musu jerin kayansa kafin a sa hannu a yarjejeniya, ya nemi a saka faɗin kantoci da ma'aunin laima a cikin takardar, sannan ya tanadi mazubai masu murfin da ba ya shan iska domin gari da busasshen kayan miya.