Wasiƙa daga Leicester, ƙarshen 2016: shekarar kofi, da abin da kallon ƙwallo ke ci a Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya, ka kuma isar min da gaisuwa ga 'yan majalisarmu baki ɗaya. Tun watan Mayu kuke tambayata yadda garin nan ya kasance da Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya, da nawa ake biya a shiga fili. Yanzu da 2016 ta zo ƙarshe, gara in zauna in rubuto muku a tsanake, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Labarin kakar kun san shi, watakila ma kun fi ni ganin wasannin, kuma zan zo kan dalilin haka. Ƙungiyar da ta shafe watanni a ƙasan teburi a kakar 2014/15, sai da ta ci wasa 7 cikin 9 na ƙarshe ta tsira daga faɗawa ajin 'yan dagaji, ita ce ta gama da maki 81 a hannun Claudio Ranieri. Gidajen caca, waɗanda suka cika titunan ƙasar nan har abin yana ɓata min rai, sun ce wanda ya zuba fam 1 a kan Leicester zai kwashi fam 5,000, wato a ganinsu abu ne da ba zai taɓa yiwuwa ba. Jamie Vardy, wanda har 2012 yana buga wa Fleetwood a ƙananan gasa, ya zura ƙwallo a wasa 11 a jere, ya gama da 24. Riyad Mahrez na Aljeriya ya zama gwarzon shekara na ƙungiyar 'yan wasa. N'Golo Kanté kuwa, ni a wurina shi ne ƙashin bayan tafiyar. Sau uku kawai aka doke mu, biyu daga ciki a hannun Arsenal ɗinku, Yaya, amma da tazarar maki 10 kuka biyo mu. Ranar 6 ga Fabrairu, da aka je gidan Manchester City aka ci su 3 da 1, ranar ce mutanen gari suka fara furta kalmar kofi da bakinsu.

To ga abin da zai ba ku mamaki. A ƙasar da ake buga Firimiya, ganin Firimiya a talabijin ya fi wuya fiye da Kano. Wasa 380 ake yi a kaka, amma a kakar 2016/17 168 kaɗai tashoshin Sky da BT suke nunawa kai tsaye a cikin Ingila, duk da sun biya sama da fam biliyan 5 na shekara uku. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da ta hana nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada mutane su zauna a gida su bar filayen ƙananan ƙungiyoyi babu kowa. Saboda haka wasan Asabar da kuke kallo a gidan kallo kan naira 50 ko 100, ni da nake iya takawa da ƙafa zuwa filin, idan ban samu tikiti ba sai dai in bi shi a rediyo, in jira dare BBC ta nuna ƙwallayen da aka ci. Kafin ma ka kai ga tashoshin wasanni, akwai kuɗin lasin na talabijin, fam 145.50 a shekarar 2016, wajibi ne a kan kowane gida da ke kallon tasha kai tsaye. Idan ka ɗora kuɗin wata na tashoshin nan biyu, ladan aikin yini guda ya tafi ko fiye.

Gidan kallonsu shi ne mashaya. Can Bature yake zuwa ya kalla da abokansa, mu kuwa ba wurin zamanmu ba ne. Daren Litinin 2 ga Mayu, da Chelsea ta farke ƙwallo biyu ta yi canjaras da Tottenham kofi ya tabbata namu, a falon wani ɗan'uwa Basakkwace muka taru, ana shan shayi. Da Hazard ya ci ta biyun, kafin mu gama ihu har an fara jin odar motoci daga ko'ina. Ba zan ɓoye alherin wurin ba: ba a ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, babu ƙarar janareta, babu mai cewa a jira a ƙaro mai. Amma musun nan na benci, inda ɗan Chelsea da ɗan Manchester United za su kwana suna gardama gobe su ci abinci a kwano ɗaya, ban same shi a nan ba, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Shiga filin King Power wani aiki ne daban. Kujeru 32,000 ne da 'yan kai, kuma mafi yawansu na masu tikitin shekara ne, wasu tun kakanninsu suke bin ƙungiyar. Ragowar ana sayar da su ta intanet, a fara da masu katin mamba, a kuma fifita waɗanda suka fi yawan zuwa. Mafi arhar tikiti a kakar da muka ɗauki kofi fam 22 ne, manyan wasanni kuma su ninka haka. Mafi ƙarancin lada ga wanda ya kai shekara 25 fam 7.20 ne a awa tun watan Afrilun 2016, kuma a kusa da nan irinmu masu aikin ɗakin ajiyar kaya muke, don haka ku lissafa da kanku. Duk da haka Leicester tana cikin masu sauƙi, don a Arsenal akwai tikitin wasa ɗaya na fam 97. Da ƙarshen kaka ya matso, tikitin wasan Everton na 7 ga Mayu, ranar miƙa kofi, har dubban fam 'yan bayan fage suka riƙa sa masa, alhali sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba laifi ne a dokar ƙasar.

Abin da ya burge ni shi ne 'yan kallo ba sa yin shiru a kan tsada. A watan Fabrairu magoya bayan Liverpool dubbai suka tashi suka fice daga fili a minti na 77 na wasansu da Sunderland, saboda an ce za a kai wasu kujeru fam 77. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye, suka ba da haƙuri. A watan Maris kuma ƙungiyoyin Firimiya suka amince kada tikitin baƙi ya wuce fam 30. Babu jifa, babu ƙone-ƙone, haɗin kai ne kawai da sanin cewa fili ba ya armashi sai da su.

Idan ka samu tikitin, abin da ka biya za ka gan shi. Lambar ƙofarka da layinka da kujerarka duk suna jiki. Na'ura ce ke karanta tikiti, ƙofa ta juya mutum ɗaya ya wuce. Ko ana saura minti biyu a take leda ka iso, kujerarka tana nan babu wanda ya hau. Masu kula da 'yan kallo suna tsaye a kowane matakala, ga ma'aikatan agajin gaggawa, ga wurin masu keken guragu, ga banɗaki da ruwa. Za ka ga tsohuwa da jikanta sun zo su biyu ba mai tsoro. An hana shan taba, an hana shan giya a inda ake hango fili. Mai ƙungiyar a wannan shekara ta 2016, attajirin nan ɗan Tailan Vichai Srivaddhanaprabha, ya kan sa a raba abin taɓawa kyauta a wasu ranaku, kuma a kan kujera za ka tarar da kwalin tafi wanda yake sa filin ya ɗauki amo. Ta fuskar abinci kuwa filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a Kano ya fi, nesa ba kusa ba. A nan burodin nama ne da ban san yankansa ba, da shayi mai tsada, don haka a unguwar Highfields ko titin Evington nake cika cikina da halal kafin in tafi. Babu mai tsire, babu mai rake, babu yarinya mai gyaɗa. Sallah ma sai da shiri: a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, wasan ƙarfe 3 kuwa magariba tana riskarsa kusa da hutun rabin lokaci.

Yaya, akwai abin da ya tsaya min a rai tun watan Maris, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar 25 ga wata Najeriya ta karɓi Masar a filin Ahmadu Bello na Kaduna, aka buɗe ƙofa kyauta. Hotunan sun zagaya duniya, har abokan aikina sun nuna min a wayoyinsu: mutane a saman ƙarafunan fitilu, a kan allon nuna sakamako, a gefen layin fili. Etebo ya ci, Salah ya farke dab da tashi, aka je Iskandariya aka ci mu 1 da nema, muka rasa gurbin kofin Afirka. Rashin gurbin bai dame ni kamar hotunan ba, don na san a cikin taron nan akwai 'yan unguwarmu da suka yi mota tun asuba. Allah ne kawai ya tsare.

Bayan wata guda, ranar 26 ga Afrilu, kotun bincike a nan ta yanke hukunci kan abin da ya faru a filin Hillsborough na garin Sheffield a 1989, inda magoya bayan Liverpool 96 suka mutu a turmutsutsu. Ta ce kisa ne ba bisa doka ba, kuma 'yan kallo ba su da laifi. Iyalan mamatan shekara 27 suka yi suna bin haƙƙinsu. Bayan wannan masifa ne aka cire shingen ƙarfe da ke tsakanin 'yan kallo da fili, aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi kujera ga kowane mutum. Wato tsarin da nake yabawa a sama ba haihuwarsu aka yi da shi ba, da rayuka suka saye shi. Ni ban ce mu kwaikwayi tsadarsu ba, don ranar da talaka ya kasa shiga kallon Pillars, ƙwallon Kano ta mutu. Amma ƙidaya kujeru, buga tikiti daidai adadinsu, rufe ƙofa idan sun ƙare, buɗe dukan ƙofofi idan an tashi, wannan ba ya buƙatar kuɗin Sky. Ko kyauta za a yi, a raba tikitin kyautar a ƙirge. Na ga yadda ake haɗa kyauta da tsari ranar 16 ga Mayu, da aka zagaya gari da kofi a motoci masu buɗaɗɗen sama zuwa dandalin Victoria Park. An ƙiyasta mutum kusan 240,000, ba a karɓi sisin kowa ba, Indiyawa da Somaliyawa da Turawa da mu duk cikin shuɗi, an tsare hanyoyi, an tanadi masu agaji, kowa ya koma gida lafiya.

Sai kuma Allah ya kawo mana namu. A watan Yuli Leicester ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Moscow kan kusan fam miliyan 16, yaron da muka kalla a Sani Abacha yana cin ƙwallo 18 a kaka ɗaya da rigar Masu Gida. Da ya zura wa Barcelona biyu a wasan share fage, wayata ba ta huta ba. A gasa ya buɗe da Crystal Palace a watan Oktoba, mako na gaba ya farke mana a gidan Tottenham. Zaman benci ya yi masa yawa, kuma a ganina gudun nan nasa ya cancanci a riƙa farawa da shi. Ƙungiyar ma tun da Kanté ya koma Chelsea ta rasa tsakiya, muna can ƙasa-ƙasa a teburi, amma a Gasar Zakarun Turai mu muka ja rukuninmu a gaban Porto da Copenhagen da Club Brugge.

Maganar jesi: ta asali a shagon ƙungiya kusan fam 50 ce, buga suna da lamba kuɗinsa daban, kuma a lokacin da kofi ya matso ƙarewa ta yi ƙaf, ko da kuɗinka ba ka samu. Kusan aikin awa bakwai ke nan, kuma da yadda naira ta faɗi tun watan Yuni, kuɗin guda ɗaya zai ɗinka wa majalisa duka irin ta Sabon Gari. Yadinta ya fi, ba ta koɗewa, tambarin ba ya ɓarewa a wanki. Na sayi guda mai lamba 7 da sunan Musa, taka ce, akwai mai tahowa gida a watan gobe. Sauran 'yan majalisa su yi min uzuri.

Shekarar ba ta rasa baƙin ciki ba. A watan Yuni, cikin azumi mai tsawon da ban saba ba, muka rasa tsoffin kociyoyin Super Eagles, Stephen Keshi da Shuaibu Amodu, kwana kaɗan tsakani. A watan Agusta yaran Samson Siasia masu wakiltar Najeriya a ƙwallon gasar Olympics suka maƙale a Atlanta saboda matsalar jirgi, suka sauka Manaus ta Brazil 'yan awanni kafin wasa, suka ci Japan 5 da 4, daga ƙarshe suka doke Honduras 3 da 2 suka ɗauko tagulla, lambar da Najeriya ta samu kaɗai a Rio. Ganin Sadiq Umar da Shehu Abdullahi a ciki ya faranta min. Sai dai a nan ko 'yan kallo masu bin ƙungiya wasan waje an tanadar musu bas da lokacin tashi tun da wuri, shi ya sa labarin jirgin ya yi min ciwo.

Pillars ce ta fi wahalar bi daga nesa. Duk ƙwallon da aka ci a Firimiya kana samun bidiyonta da cikakken bayani, amma wasan Masu Gida sai in yi ta laluben Facebook, ko in kira ka ka kara min waya a jikin rediyo. Haka na bi kakar har Enugu Rangers ta ɗauki kofinta na farko tun 1984. Don Allah idan an fara sabuwar kaka ka sa ɗaya daga cikin yaran ya riƙa turo min sakamako da sunayen waɗanda suka fara wasa, musamman ko Rabi'u Pele yana nan daram. Mu kuma an haɗa mu da Sevilla a zagaye na gaba, wasan gida a watan Maris, na fara tara kuɗin tikiti tun yanzu. A gaida Hajiya, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam, ƙaninka.