Madubin milimita 70 ya nuna mini tabon rana, amma ban yafe wa mai sayar da shi ba

Hotunan kusufin ranar da aka yi a Amurka ranar 8 ga Afrilu, 2024, su suka sa na sayi wannan madubin hangen nesa. Abin da ya tsaya mini a rai a cikinsu shi ne wani ɗigon baƙi da ke fuskar rana kafin wata ya rufe ta, na kuwa ƙudurta sai na ɗauki irinsa da hannuna daga nan Kano. Bayan ƙaramar Salla da 'yan kwanaki na yi odarsa ta intanet, irin ƙaramin nan mai gilashin gaba milimita 70 da ake haɗawa da jaka da mazauni mai ƙafa uku da maƙalin waya. Wanda ya taɓa nemansa ya san farashinsa da masu kawo shi.

A cikin kwalin akwai wani ɗan baƙin gilashi wanda bai kai faɗin kwandala ba, an rubuta sunan rana da Turanci a gefensa, takardar da ta zo da shi kuma ta nuna a murɗa shi a gindin gilashin da ake ɗora ido. Haka na yi, domin ban ga dalilin zargin abin da masu kayan suka saka da hannunsu ba. Wata Asabar da hantsi na hau saman benen gidanmu a Gwammaja, inda ake hango Dutsen Dala, na saita madubin, na ga rana koriya shar da ɗigo biyu ko uku a jikinta. Ɗan ƙanwata mai shekara tara yana tsaye a gefena yana ta jan hannun rigata, yana cewa, "Kawu, ni ma zan gani." Na ɗaga kaina na sunkuya zan rage tsawon ƙafafun domin idonsa ya kai, sai na ji ƙas! Kafin in miƙe, wani farin haske mai kaifi ya huda ta inda idona yake daƙiƙa kaɗan da suka wuce, ga warin roba tana ƙonewa. Na ture yaron baya, na juyar da bututun. Da ya huce na kwance shi, na tarar baƙin gilashin ya tsage gida biyu.

Na daɗe zaune a dandariyar siminti jikina yana rawa. Da na ɗora yaron nan a kan kujera maimakon in rage ƙafafun, kamar yadda na fara tunani, da idonsa ne a wurin. Daga baya na fahimci abin da ya faru. Gilashin gaba mai milimita 70 yana tattara haske ninki ɗari ko fiye a kan abin da ƙwayar ido ke karɓa, ya dunƙule shi wuri guda, kamar yadda yara ke kunna takarda da tabarau, shi kuma wannan baƙin gilashi an ajiye shi ne daidai kusa da inda zafin ke haɗuwa. Fashewarsa lokaci kawai take jira. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sanin cewa fatar bayan ido da ke karɓar haske ba ta jin zafi, saboda haka mutum na iya ƙonewa bai sani ba, sai daga baya ya ga wani duhu a tsakiyar ganinsa wanda wataƙila ba zai taɓa gushewa ba.

Na aika wa mai sayarwa hoton gilashin. Amsar da ya ba ni ita ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, daɗewa ka yi a rana. Mun sayar da su da yawa ba wanda ya kawo ƙorafi." Har ya yi tayin turo mini wani irinsa kyauta. Wannan tayin ya fi fashewar ɓata mini rai.

Na yi niyyar jefa madubin a ɗakin shirgi, amma wani abokina malamin kimiyya ya hana ni, ya samo mini ledar tace hasken rana ta Baader, ta ƙasar Jamus, wadda take sheƙi kamar azurfa. Ita a bakin madubi ake sa ta, tun kafin haske ya shiga, kuma kashi ɗaya cikin 100,000 kaɗai take bari ya wuce. Ya ja kunnena cewa akwai mai lamba 5.0 wadda ake kallo da ita, akwai kuma mai lamba 3.8 wadda ta kyamara ce kawai, ba a sa mata ido. Da kwali da gam muka yi mata murfi mai kama bakin bututun tam, muka cire ƙaramin madubin saiti, wanda ke maƙale a jikin bututun don nemo abin kallo, gaba ɗaya, ya koya mini nemo rana ta hanyar duba inuwar bututun a ƙasa har ta dunƙule ta zama da'ira.

Daga nan ne madubin ya ba ni mamaki, kuma dole in faɗi gaskiyarsa. A mako na biyu na Mayu wani gagarumin gungun tabo, wanda masana suka ba lamba 3664, yana ratsa fuskar rana. Faɗinsa ya kai kusan kilomita 200,000, wato a jera duniyarmu sau goma sha biyar. Da ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin rufin kwanon unguwa ya ɗauki zafi iska ta fara rawa, na ga abin da ban zaci ƙaramin gilashi zai nuna ba: cibiyoyi baƙi ƙirin, kowace da toka-tokan gefe kewaye da ita, ga ƙananan ɗigo warwatse kamar an watsa riɗi. Baƙin nasu ma na kwatanci ne, domin fuskar rana tana kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas, tsakiyar tabon kuwa wajen 3,500 zuwa 4,000, saboda ƙarfin maganaɗisu ya danne zafin da ke tasowa daga ciki. Na rage hasken kyamarar waya har ƙasa, na ɗauki bidiyo, na tsinci hoton da ya fi tsayuwa a cikinsa. Kowace safiya gungun yana matsawa gefe kaɗan, kuma a hotuna shida da na jera na ga da idona cewa rana tana juyawa, abin da masanin taurari ɗan Italiya, Galileo, ya kafa hujja da shi shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Da labari ya zo cewa wannan gungun ne ya haddasa guguwar maganaɗisu, wato hargitsin da feshin rana ke jawowa a maganaɗisun duniya, ta 10 da 11 ga Mayu, wadda ba a ga mai ƙarfinta ba tun 2003, sai na ji kamar maƙwabcina aka ambata a rediyo. A ranar, da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya saya.

Sai dai yau da na shekara da shi ba zan faɗi haka kai tsaye ba. Mazaunin ƙafa ukun nan ba shi da ƙwari, ko numfashi mai ƙarfi yana girgiza shi, ga shi rana tana gusawa da faɗin kanta cikin minti biyu, don haka kullum hannu yana kan bututun, hoto yana rawa. Sai da na rataya masa jarka cike da yashi ya ɗan natsu. A Afrilu da Agusta, lokacin da rana ke bi ta tsakar ka a Kano, ba ya iya kallon sama sak, bututun kan bugi ƙafa. Maƙalin wayar kuwa yakan cinye mini minti goma kafin idon kyamara ya dace da na gilashin, kuma tun watan uku haƙoransa suka cinye. Da hunturu ya shigo, hazo ya dusashe toka-tokan gefen tabon, amma wannan ba laifin madubi ba ne. Sai dai a irin wannan lokaci ne yara ke ganin rana fara fat kamar faifai su ɗauka ba ta cutarwa, shi ya sa nake kulle shi a ɗakina.

Duk waɗannan zan iya jurewa, domin kuɗin da na biya ba su fi haka ba. Baƙin gilashin ne ba zan jure ba. Makon jiya na sake duba shafin mai sayarwar, na tarar har yanzu yana nan a hoton kayan, an ma zagaye shi da jan layi a matsayin kyauta ga yara masu son kimiyya. Na sake rubuta masa, ya karanta, bai amsa ba. Wanda ya riga ya sayi irin wannan madubi a Kano, ya buɗe kwalin yau ya zare gilashin nan ya farfasa shi kafin yaro ya gano inda ake murɗa shi.