Lesin ɗin lissafi na Aboabo, wata 3 da sa ɗiyata

Masu tambayata a WhatsApp ya lesin ɗin malamin lissafin nan na Aboabo yake, to ga amsa gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa. Ɗiyata tana JHS 3, wato aji uku na ƙaramar sakandare, jarabawar fita ta BECE na gabanta, kuma lissafi ne ke ja mata ƙafa musamman wurin nan na prism, wato yadda ake auna cikin abu mai baki da gindi iri ɗaya kamar kwali ko sandar sabulu.

Yarinyar nan akwai hadda, makarantar allo ta gyara mata kai, to sai ta ɗauki lissafi ma kamar hadda, tsawo sau faɗi sau tsayi, duk inda taga lamba uku sai ta buga su ta wuce. A kwali yana yi, amma da an kawo mai kusurwa uku shikenan an kayar da ita.

Ranar da naje ɗaukarta na tarar malam ya sa an siyo sandar Key soap yana yankawa da wuƙa a gaban yara, nace ikon Allah wanki za'a yi ne? Ashe nuna musu yake cewa ko ina ka yanka fuska ɗaya ce ke fitowa, don haka ka fara nemo girman fuskar nan, sannan ka ninka da tsawon sandar. Sai ya tsaga wata daga kusurwa zuwa kusurwa ta bada biyu masu kusurwa uku, yace to ga inda rabin nan da ake sawa a lissafin mai kusurwa uku yake fitowa, ba wani ya ƙirƙiro shi don ya wahalar da ku ba. Wallahi ni da na bar aji shekaru da yawa sai ranar na gane.

Da daddare na gwada ta da na littafinta, gindi santimita 6, tsayi 4, tsawo 10, kuma an rubuta 5 a gefen da ya karkace. Tace Mma wannan 5 ɗin tarko ne, rabin 6 sau 4 shine 12, sau 10 ya zama 120, ta ɗora ƙaramin 3 a saman cm ba tare da na ce komai ba. A da 240 zata rubuta kuma ta rantse.

Ya kuma koya musu juyawa zuwa lita, 1000 cm³ lita ɗaya. Tanki mai santimita 50 da 40 da 30 ya bada 60,000, lita 60 kenan, tace min piya wata 120 tunda kowace leda rabin lita ce.

Inda nake da ƙorafi, ɗakin yayi ƙanƙanta, fanka ɗaya, in aka ɗauke wuta sai gumi, kuma ranar Asabar baya fara aji akan lokaci, sau biyu muna jira kusan awa. Kuɗin wata yana karɓa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba arha ba gaskiya amma ana iya roƙonsa in yaranka biyu ne. Aikin gida kuwa yana bayarwa da yawa kuma yana dubawa da jan biro ɗaya bayan ɗaya.

In za ki kai naki ki kai shi tun yana JHS 2, mu mun makara. Kuma ki ɓoye sabulunki, nawa biyu ta yanka.